Yadda ake shirya ƙungiya zuwa gasar ƙwallon yashi ta ƙasa da ƙasa

Gasar ƙungiyoyi ta ƙwallon yashi ba ta da tsawo. Ana haɗuwa a gari guda, a fili guda ko filaye biyu zuwa uku da ke jere a bakin ruwa, a buga yau a buga gobe, kafin mako ya zagayo ko ya ɗan gota an ɗaga kofi kowa ya kama gabansa. Wannan gajartar ce ke yaudarar shugabannin ƙungiya. Sai su duba su ga ai minti 36 ne kacal, mutum biyar-biyar, fili kuma bai kai kashi ɗaya cikin shida na filin ciyawa ba, su kwashi samari masu gudu su kama hanya. Ranar farko a yi abin a-zo-a-gani. Zuwa rana ta uku ƙafafu sun yi nauyi, yatsu sun kumbura, gola yana ta tsamo ƙwallo daga raga bayan bugun tazarar da 'yan bayansa suka jawo masa don gajiya. Duk shirin da za a yi, a yi shi ne da rana ta uku da ta huɗu a rai.

Wace gasa, kuma ta wace ƙofa

Ba kowace gasa ake shiga da son rai ba, don haka a fara da sanin ƙofar kowace. Hukumar Beach Soccer Worldwide, wadda ake taƙaitawa BSWW, mai ofishi a Barcelona ta Sifaniya, ita ke shirya mafi yawan manyan gasannin ƙungiyoyi. Mundialito de Clubes, wadda aka fara a São Paulo ta Barazil a 2011 Vasco da Gama ta ɗauke kofin, gayyata aka riƙa yi, ba a neman ta da takarda. Daga baya an kai ta Mosko, inda Braga ta Fotugal ta ci a 2019 da 2020 a kan yashin da aka zuba cikin rufaffen zaure ana tsakiyar hunturu. Euro Winners Cup ta ƙungiyoyin Turai ce. An fara ta a San Benedetto del Tronto ta Italiya a 2013, Lokomotiv ta Mosko ta lashe, gasar ta yi shekara uku a Catania, ita ma a Italiya, sannan daga 2017 ta koma Nazaré ta Fotugal, kuma tun 2016 akwai ɓangaren mata. Kudancin Amurka na da Copa Libertadores ta yashi tun 2016, wadda CONMEBOL, hukumar ƙwallon nahiyar, ke shiryawa, inda zakarun ƙasashen nahiyar ke karawa. World Winners Cup, wadda Flamengo ta Barazil ta ci karon farko a Alanya ta Turkiyya a 2019, ita ce ke tara ƙungiyoyi daga nahiyoyi daban-daban, ita ya kamata ƙungiyar da ba ta cikin Turai ko Kudancin Amurka ta fi sa wa ido.

Ko wacce aka nufa, abu na farko shi ne a samo kundin ƙa'idojin gasar na wannan shekarar, ba na bara ba, a zaunar da mutum guda ya karanta shi daga farko har ƙarshe. Abubuwa huɗu ake nema a ciki: ranar rufe rajista, yawan sunayen da ake yarda a rubuta, adadin baƙin 'yan wasa da aka ƙayyade, da yadda ake raba gardama idan maki ya zo ɗaya a rukuni. Waɗannan suna sauyawa daga shekara zuwa shekara. Batun baƙi na da muhimmanci saboda a wannan wasa ƙwararren ɗan wasa kan buga wa ƙungiyoyi da yawa a ƙasashe daban-daban cikin kaka guda. Wanda kuka yi magana da shi da baki a watan Maris na iya sa hannu da wata ƙungiya a Afrilu, don haka a rubuta yarjejeniya, a sa ranakun gasar a ciki, a faɗi wanda zai biya kuɗin jirgi.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Fotugal da Italiya duk suna cikin yankin Shengen, ƙasashen Turai masu biza ɗaya, kuma ga wanda fasfonsa ke buƙatar biza, ana iya shigar da takardu tun wata shida kafin tafiya. Ana son fasfo ya rage masa aƙalla wata uku bayan ranar dawowa, da shafi biyu da ba a buga komai a kai ba, da inshorar lafiya wadda ta kai Yuro 30,000. A nemi wasiƙar gayyata daga masu shirya gasar mai ɗauke da sunan kowa kamar yadda yake a fasfo, harafi da harafi, da wasiƙar amincewa daga hukumar ƙwallon ƙasarku. A kuma nemi biza ga mutum biyu ko uku fiye da waɗanda za su tafi, musamman gola na uku. Idan aka hana gola biza saura kwana goma, babu abin da koci zai iya yi.

Mutum goma sha biyu, ba biyar da 'yan rakiya ba

Doka ta ce biyar a fili har da gola, bakwai a benci, canji kuma babu iyaka, ana yin sa wasa na gudana. Ma'anar wannan a aikace ita ce ƙungiya tana da gola biyu da 'yan fili goma, wato jeri biyu na mutum huɗu-huɗu da ƙarin biyu. Jeri na biyu kada ya zama na cike gurbi. Gudu a kan busasshen yashi na cin ƙarfin jiki kusan ninki ɗaya da rabi na gudu a kan ƙasa mai tauri, shi ya sa ko gwanin gwanaye ba ya wuce minti uku zuwa huɗu yana wasa da cikakken ƙarfi. Bayan haka ƙafa ba ta ɗaguwa da wuri, sai a fara kai hannu ana riƙe riga.

Wajen zaɓe, a fifita wanda ke iya tarbar ƙwallo a sama da ƙirji, da cinya, da bayan ƙafa, a kan wanda ya iya yanka. Ana buƙatar aƙalla mutum biyu masu ƙafar hagu, 'yan gaba biyu masu jiki da za su iya juya wa raga baya su tsare ƙwallo, da 'yan baya uku masu haƙuri waɗanda ba sa zubewa ƙasa. Kuma kowa cikin goman sai ya iya bugun tazara, dalilin yana zuwa a gaba.

Yashin atisaye

Filin gasa tsawonsa mita 35 zuwa 37, faɗinsa 26 zuwa 28, zurfin yashinsa bai gaza santimita 40 ba. Raga faɗinta mita 5.5, tsayinta 2.2. Ba a zana layi a cikin fili. Igiya mai faɗi, galibi shuɗiya, ita ke zagaye iyaka, sauran kuma tutoci ne: ja a kusurwa huɗu, ja biyu a daidai tsakiya, rawaya huɗu a mita 9 daga layin raga, su ke nuna da'irar gola da wurin fenareti. Ku kafa tutocin nan a wajen atisaye tun ranar farko. Golan da bai saba kallon tutar rawaya ta gefen ido ba, zai kama ƙwallo a wajen da'irarsa, ya ba da bugun tazara a mita goma.

Zurfin yashi shi ne abin da aka fi yi wa sakaci. Yashin bakin ruwa da igiyar ruwa ta danne yana da tauri, ƙwallo na mirginawa a kansa, gudu na da daɗi, kuma ƙungiyar da ta yi wata biyu a kansa ba ta koyi komai na gasar ba. Idan za a zuba fili ne daga tushe, lissafin ba wuya: a bar mita biyu a kowane gefe, ya zama mita 41 sau 32, a ninka da zurfin 0.4, ya ba da kusan kubik mita 525, nauyinsa wajen tan 800. Wanda bai da halin haka ya yi rabin fili, ko ma mita 20 sau 15, amma kada ya rage zurfi. A zaɓi wankakken yashi mai ƙwaya matsakaiciya. Mai laka a ciki daskarewa yake idan ya sha ruwa, mai laushi ƙwarai kuma ƙura yake tayarwa ya shiga ido da maƙogwaro. A tace shi da rariya, kuma kafin kowane atisaye a bi shi da manjagara, mutum biyu su taka shi a jere suna neman tsakuwa, kwalba, murfin lemo da ɓawon dodon koɗi.

Mako takwas shi ne mafi ƙarancin lokacin da ya kamata a ba wanda ya fito daga ciyawa. Mako biyu na farko kada a wuce minti 30 zuwa 40, sau uku a mako, domin dunduniya na nutsewa a yashi, jijiyar agara da ƙwaurin ƙafa su ke ɗaukar nauyin, kuma fatar tafin ƙafa na buƙatar lokaci ta yi kauri. Wanda ya yi gaggawa a nan zai tafi gasar da rabin ƙungiya na ɗingishi. Daga mako na uku a shiga gudu irin na wasa: sakan 15 da ƙarfi, sakan 15 hutu, har minti uku, a huta minti uku, a maimaita sau huɗu zuwa shida. A mako na shida da na bakwai a buga cikakken wasa kwana uku a jere, da agogo, da alƙali mai busa kowace ƙeta. A nan ne za a ga wanda ke iya tashi rana ta uku. Mako na ƙarshe a rage nauyi da rabi.

Ƙwallo a sama take zama

Ƙwallon yashi girmanta ɗaya da ta ciyawa, santimita 68 zuwa 70 a kewaye, nauyi giram 400 zuwa 440, amma iskarta ba ta kai ta waccan ba, bar 0.4 zuwa 0.6 a ma'aunin iska, don kada ta fasa wa mutum ƙafa tunda ba takalmi. Ku sayi ma'aunin, kada a riƙa latsawa da yatsa. Idan da hali a samo irin ƙwallon da za a buga gasar da ita tun wata guda kafin tafiya.

Bayan minti biyu da fara wasa fili ya zama ramuka da tuddai. Ƙwallon da aka tura a ƙasa ko ta tsaya a rabin hanya ko ta yi tsalle ta inda ba a zata ba, kuma yawancin ƙwallayen da sababbin ƙungiyoyi ke sha daga irin wannan fasin suke fitowa. Abu na farko da kowa zai ƙware a kai shi ne ɗago ƙwallo daga yashi da taɓawa guda: a cusa yatsu a ƙarƙashinta a watso ta sama zuwa tsayin gwiwa, sannan a buga. Sau hamsin da dama, sau hamsin da hagu, a kowane atisaye. Sai fasin sama tsakanin mutum biyu a tazarar mita takwas zuwa goma, a tare a mayar ba tare da ta taɓa ƙasa ba. Ga mai tarba, ƙa'idar ita ce taɓawa ta farko ta tura ƙwallo sama da gaba kaɗan. Wanda ya kashe ta a ƙasa ya ba ɗan baya lokacin isowa.

Bugun alkafura, wanda mutum ke juya wa raga baya ya tashi sama ya buga ta saman kansa, a wannan wasa ba ado ba ne, hanya ce ta yau da kullum ta cin ƙwallo, kuma doka na ba shi kariya. Idan ƙwallo na ƙarƙashin ikon ɗan gaba ya tashi zai yi alkafura, ɗan bayan da ya taɓa shi ko ya yi tsalle ya shiga ya hana shi ya yi laifi. Abin da ɗan baya zai yi shi ne ya riga shi ga ƙwallo kafin ta iso, ko ya tsaya da ƙafafunsa a ƙasa ya rufe kusurwa guda ya bar wa gola ɗayar. Wajen koyar da alkafura a fara da faɗuwa kafin bugu: haɓa a manne da ƙirji, a sauka a kan faɗin baya da damatsa, ba a kan miƙaƙƙen hannu ba. Saukar miƙaƙƙen hannu ke gurɗa wuyan hannu da kafaɗa.

Kowace ƙeta bugu ce zuwa raga

Nan ne wasan yashi ya rabu da na ciyawa gaba ɗaya, kuma nan ake cin gasa ko a rasa ta. Duk bugun tazara kai tsaye ne, kuma ba a yin katanga. Idan an yi ƙetar a rabin filin ƙungiyar da ta yi laifi, kowa da kowa zai koma bayan ƙwallo, mita biyar nesa da ita, ya rage mai bugu da gola kawai. Idan a ɗaya rabin aka yi, 'yan wasa na iya tsayawa gaba, amma dole su bar sararin da ke tsakanin ƙwallo da tutocin kusurwa biyu na gefen ragar da ake nufa. Daga tsakiyar fili zuwa raga kusan mita 18 ne. Wato riƙe riga a tsakiyar fili, wanda a ciyawa ake yabon ɗan wasa da wayo idan ya yi, a nan kyautar bugu ce babu kowa a gaba.

Ga kuma ɗaya dokar: wanda aka yi wa ƙeta shi zai buga, sai idan ya ji rauni sosai, wanda ya canje shi ya buga. Ba a kiran gwani daga wani gefe. Shi ya sa kowane atisaye ya kamata ya ƙare da kowa ya buga goma, daga mita 10, da 14, da 18, yana cikin haki, da mai ƙirga masa sakan huɗu.

Mai bugu na da damar tara ɗan tudun yashi ya ɗora ƙwallo, da ƙafa ko da ƙwallon kanta, ban da hannu. Tudun da ya yi tsawo yana sa ƙafa ta shiga ƙarƙashi ƙwallo ta haye raga, wanda ya yi ƙasa kuma yatsa ke tokarar yashi. Tsayin yatsu uku zuwa huɗu ya isa, a danne gefen da ƙafar tsayuwa za ta sauka. Daga kusa a nufi kusurwa. Daga nesa bugun da ya fi wahalar da gola shi ne mai ƙarfi, ƙasa-ƙasa, wanda zai daki yashi mita biyu zuwa uku a gabansa, domin babu wanda ya san inda zai dosa bayan haka. Gola kuwa, duk lokacin da wasa ya tsaya, ya share yashin gabansa da ƙafa ya daidaita shi. Aikin sakan biyar ne, kuma yana hana ƙwallaye.

Ga 'yan baya, horon shi ne hannaye a buɗe a gefe inda alƙali ke ganinsu, a bi mutum a tsaye, kada a zame, kada a tura daga baya. Koci ya sa wani a benci ya riƙa ƙirga ƙeta. Ɗan wasan da ya yi biyu cikin minti guda ba mugunta ke damunsa ba, gajiya ce, a fitar da shi.

Gola, da sakan huɗu

Babu satar gida, kuma gola na iya jefa ƙwallo da hannu daga da'irarsa har ƙirjin ɗan gaba a bakin ɗaya ragar. Saboda haka golan yashi shi ne mai tsara wasa. Yana buƙatar jifa iri biyu, mai ƙarfi miƙaƙƙiya da mai lilo wadda ke sauka daidai inda za a yi alkafura, kuma yana buƙatar iya ajiye ƙwallo ya ɗago ta ya harba raga da kansa. Ƙungiyoyi da yawa na tsayuwa biyu a baya biyu a gaba, 'yan bayan su buɗe gefe, golan ya fito tsakiya ya zama mutum na biyar. Idan abokan hamayya suka ja baya ya harba, idan ɗaya ya fito masa wani ya kuɓuta. Haɗarin a fili yake: ƙwallo ta kuɓuce masa, raga babu kowa. Ƙungiyar da golanta ba shi da ƙafa gara ta tsaya ɗaya a baya, biyu a gefe, ɗaya a gaba.

Dokoki biyu ke kama gololi. Ba ya riƙe ƙwallo a rabin filinsu fiye da sakan huɗu, da hannu ne ko da ƙafa. Sannan ɗan ƙungiyarsa na iya mayar masa ya kama da hannu sau ɗaya, amma ba sau biyu a jere ba sai abokin hamayya ya taɓa ta. A atisaye a sa 'yan baya su riƙa faɗa da ƙarfi idan an riga an yi amfani da ta farkon. Sakan huɗun nan kuma ya shafi bugun kwana, da bugun tazara, da shigo da ƙwallo daga gefe, wanda ake iya yi da hannu ko da ƙafa. Wanda ya ɓata lokaci ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Don haka kwana da jifa a haddace su tun a gida, salo uku-uku, kowane da sunansa na kalma guda.

Canji da jan kati

Wurin canji mita biyar ne a gaban teburin mai agogo, biyu da rabi kowane gefen layin tsakiya. Mai shiga ba ya taka fili sai mai fita ya fita gaba ɗaya, in ba haka ba katin gargaɗi ne da bugun tazara. A yi canji lokacin da ƙwallo ke hannun golanku ko ta fita waje. Canza mutum huɗu a lokaci guda na da amfani domin jeri ya saba da junansa, amma a yi shi ƙwallo na hannunku kawai.

Jan kati na barin ƙungiya da 'yan fili uku na minti biyu, ko har a ci ta, sannan wani ya shiga a madadin wanda aka kora. A gwada wannan yanayin a atisaye ta fuska biyu. Masu uku su matse tsakiya su bar bugun gefe, kada su ƙara ƙeta. Masu huɗu kada su yi garaje, minti biyu na isa a juya ƙwallo a sami bugu mai kyau sau uku.

Lissafin maki

Wasa zango uku ne na minti 12, da hutun minti uku a tsakani, kuma ana tsayar da agogo idan an ci ƙwallo ko an busa bugun tazara da fenareti. Babu canjaras. Idan an tashi kunnen doki a ƙara minti uku, idan ba a rabu ba a je fenareti. Nasara cikin lokaci maki 3 ce, a ƙarin lokaci 2, a fenareti 1, wanda aka ci kuwa ba shi da komai ko ta yaya aka ci shi.

Ku dubi abin da wannan ke nufi. Ƙungiyar da ta ci wasanninta uku na rukuni duka a fenareti tana da maki 3, daidai da wadda ta ci ɗaya cikin lokaci aka doke ta biyu. Idan saura minti biyu ana kunnen doki a wasan rukuni, ja da baya ba ya tsare komai, ladan ne kawai ke raguwa daga uku zuwa biyu zuwa ɗaya. Sai dai idan lissafi ya nuna maki guda ya ishe ku, ko hana abokan hamayya maki uku shi ne abin da kuke buƙata, a fito da gola a nemi ƙwallo. A zagayen sili-ɗaya-ƙwale lissafin ya juya, nasara nasara ce ko ta wace hanya. Wani a cikin jami'ai ya riƙe teburin rukuni a takarda, ya san kafin wasan ƙarshe ainihin sakamakon da ake buƙata. Fenareti kuma a gwada shi a ƙarshen kowane wasan gwaji, daga mita 9, a rubuta jerin masu bugu tun kafin a bar masauki.

Tsakanin wasa da wasa

A isa garin kwana biyu ko uku kafin farawa, fiye da haka idan akwai bambancin sa'o'i mai yawa ko an fito daga sanyi zuwa zafi, domin jiki na ɗaukar mako guda zuwa biyu kafin ya saba da zafi sosai. A taka yashin gasar a daidai lokacin da za a buga wasa. Bakin teku na da iskarsa: a gaɓar yammacin Fotugal, inda Nazaré take, iskar arewa kan taso da yamma a lokacin bazarar Turai, kuma jifar gola da ta sauka daidai da safe za ta zarce ko ta gaza da la'asar. Kyaftin ya san wannan kafin a jefa kwabo.

Masauki ya zama inda za a iya takawa zuwa fili. A auna nauyin kowa kafin wasa da bayansa, kowane kilo da ya ragu a mayar da ruwa lita ɗaya da kwata zuwa ɗaya da rabi, a hankali, da ɗan gishiri. Cikin sa'a ta farko bayan wasa a ci abinci mai sitaci, kusan giram ɗaya ga kowane kilo na nauyin jiki, da ɗan nama ko ƙwai ko madara. Babban abinci kuwa sa'a uku kafin wasa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a gama wasa a zauna a rana ana kallon na wasu har magariba. Wanda aka ɗora wa leƙen abokan hamayya ya tsaya, sauran su koma inuwa.

Ƙafa ita ce jari. A yanke farce kwana biyu kafin gasa, ba ranar wasa ba. Babban yatsa shi ke fi jin rauni, saboda tokarar yashi ko ƙafar wani, kuma yatsan da ya gurɗe ana ɗaure shi da na kusa da shi da filasta, a sa ɗan auduga a tsakani. Wanda ya karkace ko ya kasa ɗaukar nauyi a kai shi hoto. Doka ta yarda da bandeji mai talewa a idon sawu da tabarau na roba, amma alƙali zai duba, kuma naɗin da ya rufe ƙafa kamar safa za a sa a kwance shi. Yashin tsakar rana na iya ƙona tafin ƙafa har ya yi bororo, don haka a nemi a jiƙa fili, 'yan benci kuma su binne ƙafafunsu cikin yashin ƙasa mai sanyi. Duk ƙujewa a wanke ta da ruwa mai tsabta har yashi ya fita kafin a rufe. Jakar likita ta ƙunshi ruwan wanke ido, ƙanƙara, filasta mai yawa da man kare fata daga rana, kuma duk maganin da ɗan wasa ke sha a nuna wa likitan ƙungiya tun a gida saboda gwajin abubuwan ƙara kuzari.

Daren jajibirin gasa akan yi taron jami'ai da alƙalai. A je da fasfon kowa, da riguna kala biyu masu bambanci sosai, da na gololi da suka saɓa da duka biyun, lambobi daidai da abin da aka rubuta a rajista. A tambayi alƙalai yadda za su ƙirga sakan huɗun gola da abin da za su busa wajen alkafura, a tambayi kati nawa ke jawo dakatarwa da lokacin da ake share su, da minti nawa kafin wasa ake miƙa jerin sunaye. Abin da aka ji a faɗa wa 'yan wasa a daren, gololi da 'yan baya su zauna a gaba.